Makaranta ta zo, maƙwabta sun tashi: yadda ginin makarantu ke sauya unguwanni a Amurka

A Amurka, wanda ya gina makaranta daban, mai titin da ya wuce ta ƙofarta daban. Ginin na gundumar makarantu ne, wata ƙaramar gwamnati mai cin gashin kanta wadda galibi jama'a ke zaɓar shugabanninta. Tana da iyakokinta, tana ɗora haraji, tana cin bashi da sunanta, tana kuma iya karɓe gidan mutum ta biya shi diyya ko yana so ko ba ya so. Titi kuwa, da magudanar ruwa, da fitilun kan hanya, da tsara inda za a yi gidaje da inda za a yi shaguna, duk aikin hukumar birni ne. Irin waɗannan gundumomi sun kai kusan 13,000 a ƙasar, kuma da yawansu iyakarsu ba ta dace da ta birnin da suke ciki ba. A Kalifoniya doka ma ta ba hukumar gunduma damar tsame kanta daga ƙa'idojin tsara gari na birni, in dai ajujuwa za ta gina, kuma kashi biyu bisa uku na mambobinta suka amince.

Daga wannan rabon aiki yawancin rigimar take tasowa. Mambobin hukumar gunduma don karatun yara aka zaɓe su, da shi kuma za a auna su ranar zaɓe. Amma ranar da suka ɗora yatsa a kan taswira suka ce a nan za a yi gini, sun yanke hukunci a kan wanda zai kwashe kayansa ya bar gida, da yadda kuɗin haya zai kasance nan da shekara goma, da yawan motocin da za su toshe layi kowace safiya, da ma irin mutanen da za su iya ci gaba da zama a wurin. Tsara gari suke yi alhali ba wanda ya ɗauke su wannan aikin, ba kuma wanda zai tuhume su a kansa.

Kuɗin ginin yawanci daga aljihun mazauna gundumar yake fitowa. Gwamnatin tarayya abin da take sakawa bai taka kara ya karya ba, jihohi kuwa wata ta taimaka sosai, wata ta ɗan taɓa, wata ko kwabo. Abin da gunduma ke yi shi ne ta fitar da takardun lamuni, masu zuba jari su saya, sannan a riƙa biyan bashin tsawon shekara 25 ko 30 daga ƙarin haraji a kan gidaje da filaye. A yawancin jihohi sai masu zaɓe sun yarda kafin a ci wannan bashi. A Kalifoniya, ƙuduri na 13 da aka zartar a 1978 ya ɗaure harajin kadara tamau, har gundumomi suka yi shekara takwas ba su da wannan hanya. Da aka buɗe ta a 1986 sai aka ce dole kashi biyu bisa uku na ƙuri'u su amince, katangar da ba kowa ke iya tsallakewa ba. Sai a shekarar 2000 aka sassauta ta zuwa kashi 55 cikin 100, nan fa gine-gine suka kankama.

Tsarin yana da karkata tun daga tushe. Gundumar da gidajenta ke da tsada tana tara kuɗi mai yawa da ƙarin haraji ɗan kaɗan. Wadda gidajenta ba su da daraja sai ta matse mutanenta sosai kafin ta samu rabin hakan. Wasu kuma don gudun ƙara haraji yau, sai su tura nauyin ga waɗanda ba su ma tare a unguwar ba tukuna. Gundumar Poway, kusa da San Diego, ta ci bashin dala miliyan 105 a 2011 bisa sharaɗin ba za ta fara biya ba sai bayan kusan shekara 20, kuma idan an gama lissafin ruwan da ya taru, abin da za a biya ya doshi dala biliyan ɗaya. Da yawa daga waɗanda suka kaɗa ƙuri'a za su sayar da gidajensu su tafi kafin takardar biya ta iso. Abin ya tada ƙura har majalisar jihar ta yi doka a 2013 ta taƙaita irin wannan bashi.

Babu inda ake ganin duka fuskokin lamarin kamar Los Anjeles. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 gundumar birnin, wadda ita ce ta biyu a girma a ƙasar, ta cika ta tumbatsa. An yi kusan shekara 30 ba a gina sabuwar babbar sakandare ba, yara kuwa sai ƙaruwa suke yi, har suka haura 700,000 a farkon shekarun 2000. Aka jera ajujuwan wucin gadi a filayen wasa. Aka raba ɗalibai rukuni-rukuni, waɗannan suna hutu waɗancan suna aji, makaranta ba ta rufewa duk shekara. A ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare yaro kwana 163 yake yi a aji maimakon 180. Dubban yara kuma ana lodin su a motoci tun da asuba a kai su makarantun da ke nesa, saboda ta unguwarsu ba gurbi. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne, masu asali daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. Duk wanda zai soki abin da ya biyo baya, adalci ne ya fara tuna wannan hali. Ba son a sani ya sa aka yi ginin ba.

Tsakanin 1997 da 2008 masu zaɓe sun amince da lamuni har sau biyar, jimillarsu ta haura dala biliyan 20, na sababbin gine-gine da gyaran tsofaffi. Roy Romer, tsohon gwamnan Kolorado da ya shugabanci gundumar daga 2000 zuwa 2006, shi ne ya fi zaburar da aikin. Da aka buɗe makaranta ta ƙarshe a Maywood a 2017, sababbin makarantu sun kai 131. A wannan shekarar ce aka daina karatun karɓa-karɓa gaba ɗaya.

To amma ina filin? Inda aka fi buƙatar makaranta nan ne mutane suka fi cunkushewa, inda mutane suka cunkushe kuwa babu fili a kwance. Wani lokaci a dace da wata babbar kadara da ta mutu, kamar otal ɗin Ambassador inda aka harbe Sanata Robert Kennedy a 1968. An rushe shi bayan doguwar shari'a da masu kare gine-ginen tarihi, aka gina rukunin makarantu da ya ci dala miliyan 578, aka buɗe a 2010. Amma irin wannan ba a samun sa kullum. A wurare da yawa sai dai a zana layi a kewaye wasu gidaje da shaguna a ce su tashi, kuma dubban mutane sun tashi.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin kalmar diyya tana ɓoye abubuwa da yawa. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ce ba za a karɓi dukiyar mutum don amfanin jama'a ba sai an biya shi diyya ta adalci, kotuna kuma suka fassara adalcin da farashin kasuwa. Mai gida ke nan za a ba shi abin da gidansa zai yi a kasuwa ranar da aka ƙiyasta. A kunne ya yi daidai. Sai dai tsohuwar da ta gama biyan bashin ƙaramin gidanta shekaru da suka wuce, kuɗin da za a miƙa mata sau da yawa ba zai saya mata irinsa a wannan unguwar ba, musamman idan farashi na hawa yayin da ake ta kai da komowa a kotu. Mai ƙaramin shago za a biya shi kuɗin kwashe kaya, amma a jihohi da yawa ba a biyan asarar abokan cinikin da ya yi shekaru yana tarawa.

Ɗan haya kuwa nasa ya fi rauni. Dokar tarayya ta 1970 a kan sake tsugunar da mutane, wadda jihohi da yawa suka kwaikwaya, ta tanadi sanarwar aƙalla kwana 90, da kuɗin ɗaukar kaya, da cikon bambancin haya na wata 42. Shekara uku da rabi ke nan. Ga wanda ke zaune a ɗakin da dokar birni ta hana a ƙara masa haya yadda aka ga dama, kamar yadda yake a tsofaffin gidaje da yawa na Los Anjeles, wannan kariya ta tafi ke nan ranar da katafila ta shigo. Bayan wata 42 sai ya fuskanci kasuwa tsirara. Akwai kuma waɗanda ba su cikin lissafi tun farko: iyali biyu ko uku a gida ɗaya alhali sunan mutum ɗaya ne a takardar haya, da masu kwana a garejin da aka mayar ɗaki ba da izini ba, da waɗanda ba su da takardar zama a ƙasar, waɗanda ganin jami'i da takarda a hannu kaɗai ya ishe su tattara komatsansu. Abin takaicin shi ne 'ya'yan waɗannan gidaje su ne ainihin waɗanda aka ce don su ake ginin. Ranar yanka ƙyalle suna wata unguwar, wataƙila ma wata gundumar.

Wannan ma idan an yi ginin ke nan. A New Jersey, bayan kotun ƙolin jihar ta umarci gwamnati ta gyara makarantun biranen talakawa, an kafa hukumar gine-gine a 2002 da dala biliyan 8.6 a hannu. Zuwa 2005 kuɗi ya ƙare, ayyuka da yawa ko tushe ba a haƙa ba, alhali an riga an sayi gidaje an tashi mutane. A Newark da wasu biranen aka bar kangaye da filaye cike da ciyawa, biyu babu, ba gida ba makaranta. An rushe hukumar a 2007 aka kafa wata. Ga maƙwabtan da suka rage, kangon da ba a san ranar cika shi ba ya fi ƙurar siminti da ƙarar injuna na shekara biyu ciwo, domin waɗannan an san suna da ƙarshe.

Idan an gama gini fa, unguwa me ta samu? Masana tattalin arziki sun samo wata dabara ta aunawa. Stephanie Cellini da Fernando Ferreira da Jesse Rothstein, a wani nazari na 2010, sun kwatanta gundumomin Kalifoniya inda ƙuri'ar lamuni ta tsallake da ƙyar da waɗanda ta faɗi da ƙyar. Da yake tazarar 'yar ƙanƙanuwa ce, gundumomin kusan iri ɗaya ne, bambancinsu kawai ɗaya ta yi gini ɗaya ba ta yi ba. Sun ga farashin gidaje ya tashi da kusan kashi 6 cikin 100 inda aka amince, duk da ƙarin harajin da ya hau kan gidajen. A New Haven, inda aka kashe kusan dala biliyan 1.4 wajen sake gina makarantun birnin, Christopher Neilson da Seth Zimmerman sun ga tashin kusan kashi 10, tare da ingantuwar karatun yara. A Los Anjeles kanta, Julien Lafortune da David Schönholzer sun ga gidajen unguwannin da suka samu sabuwar makaranta sun ƙara daraja da kusan kashi 6, yara kuma sun ɗan ƙara ƙoƙari a jarrabawa, sun rage fashi. A Teksas kuwa wani nazari na 2016 bai ga wani sauyin a zo a gani ba a sakamakon ɗalibai.

Me ya sa nan a ga riba, can a ga babu? Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga aikin da Barbara Biasi ta yi da Lafortune da Schönholzer, inda suka bi diddigin dubban ƙuri'un lamuni a jihohi masu yawa suka rarrabe su bisa abin da aka kashe kuɗin a kai. Kuɗin da aka sa a na'urorin sanyaya aji da ɗumama shi, da kawar da abubuwa masu guba daga gini, da gyaran famfo da rufi, yana ɗaga sakamakon jarrabawa, amma bai cika motsa farashin gida ba. Kuɗin da aka sa a filayen wasanni kuwa yana ɗaga farashin gida, karatu na nan inda yake. Mai neman gida yana ganin filin ƙwallo daga kan titi, ba ya ganin bututun iska a cikin silin.

Wannan ya bayyana abin da in ba haka ba zai zama abin mamaki. A 2020 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa makarantu kusan 36,000 na buƙatar gyara ko sauya na'urorin iska. A ƙasar ce kuma gundumar Allen ta Teksas ta buɗe filin wasan 'yan sakandare mai cin mutum 18,000 a kan dala miliyan 60 a 2012, wanda aka rufe a 2014 saboda siminti ya tsattsage, sai a shekara ta gaba aka sake buɗewa. Ba wauta ba ce zalla. Yawancin gidaje a Amurka babu yaron makaranta a cikinsu, kuma su ma suna kaɗa ƙuri'a. Hukumar da ke neman amincewarsu dole ta ba su abin da za su gani da ido.

Tashin farashin gida kuwa albishir ne ga mai gida kaɗai. Ga ɗan haya sanarwar ƙarin kuɗi ce. Tun da a Amurka adireshi ne yake ba yaro gurbi a makarantar unguwa, makaranta mai kyau takan koma kaya da ake saye ta hanyar sayen gida. Sandra Black ta nuna haka tun a 1999, da ta kwatanta gidajen da ke kusa da juna a Massachusetts amma layin ɗaukar ɗalibai ya raba su: inda makin jarrabawa ya fi da kashi 5, gida ya fi tsada da kusan kashi biyu da rabi. A yammacin Filadelfiya, Jami'ar Pennsylvania ta haɗa kai da gunduma aka buɗe makarantar Penn Alexander a 2001, jami'ar tana ƙara kuɗi a kan kowane ɗalibi. Makaranta ta yi suna, gidajen da ke cikin layinta suka yi tsadar da na ƙetaren layi ba su yi ba, masu hali suka yi ta tarewa, adadin yara baƙar fata a cikinta ya yi ta raguwa. A watan Janairun 2013 iyaye suka kafa layi cikin tsananin sanyi kwanaki kafin ranar rajista, har gunduma ta soke layin ta koma jefa ƙuri'a. Ba wanda ya kori kowa da ƙarfin doka a nan. Haya ce ta yi aikin a hankali.

Cewa makaranta tana jan mutane ba sabon ilimi ba ne, kuma an taɓa amfani da shi da gangan. Tsarin birnin Austin na 1928 ya ba da shawara ƙarara cewa a tattara makarantu da sauran abubuwan more rayuwa na baƙar fata a gabashin gari, don su ƙaura can da ƙafarsu ba sai an tilasta musu ba. Haka kuwa aka yi, kuma har yau ana ganin tabon a taswirar birnin. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1954 da ya haramta wariya a makarantu, wasu gundumomi sai suka koma yin ta da bulo da siminti. A Denver an gina ƙaramar firamare ta Barrett a 1960 daidai bakin iyakar da baƙar fata ke faɗaɗawa, don ta shanye 'ya'yansu kada su shiga makarantun farar fata na kusa. Wannan yana cikin abin da ya kai ga hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 a kan gundumar. Shekara biyu kafin nan, a shari'ar Charlotte, alƙalin alƙalai Warren Burger ya riga ya rubuta cewa kamar yadda ake kai makaranta inda mutane suke, haka mutane ke bin makaranta inda take, don haka wurin da aka aza ta yana iya sauya tsarin zaman birni baki ɗaya. Kotu ta faɗa wa hukumomin makarantu abin da suke yi tun fiye da shekara 50 da suka wuce.

A bayan gari matsalar kamarta daban. Shekaru da yawa jihohi suna bin wata ƙa'ida da ƙungiyar masu tsara gine-ginen makarantu ta shimfiɗa: firamare eka 10, ƙaramar sakandare eka 20, babba eka 30, sannan a ƙara eka ɗaya ga kowane ɗalibi 100. Filin da ya kai haka ba a samun sa a tsakiyar unguwa, sai a gonakin bakin gari. Da zarar an yi gini can, dole a ja titi da bututun ruwa, masu gina gidaje kuma su biyo baya kamar ƙuda ya ga rake. Tsohuwar makarantar cikin gari, wadda yara ke zuwa da ƙafa, a rufe ta. Ƙungiyar ta janye ƙa'idar a 2004, amma aikin gama ya gama. A 1969 kusan kashi 48 cikin 100 na yaran firamare da ƙaramar sakandare a ƙafa ko a keke suke zuwa makaranta, a 2009 saura kashi 13. Ba wurin makaranta kaɗai ya jawo haka ba, akwai tsoron iyaye da yawaitar motoci, amma nisa yana sahun gaba. Sakamakonsa shi ne dogon layin motoci safe da rana, a toshe ƙofar gidajen maƙwabta, injuna a kunne. Gunduma ta samu fili mai araha, kuɗin faɗaɗa titi da sa fitila ya faɗa a kan birni, kuɗin mai da ɓata lokaci a kan iyaye.

Neman fili mai araha ya taɓa kai wa ga abin da ya fi cunkoso muni. A 1953 hukumar makarantun Niagara Falls, a jihar New York, ta karɓi wani fili da ake kira Love Canal daga kamfanin sinadarai na Hooker a kan dala ɗaya tak. Takardar cinikin ta faɗi cewa an binne sharar sinadarai a wurin, wadda daga baya aka ƙiyasta ta kai tan 21,000. Da masu haƙa tushe suka ci karo da gangunan sharar, sai aka ɗan matsar da ginin gefe aka ci gaba. Makaranta ta buɗe a 1955, gidaje suka kewaye ta, domin iyaye sun ɗauka inda hukuma ta yarda ta ajiye yara lafiyayyen wuri ne. A 1978 guba ta fito fili a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidaje da filayen wasa, Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, ɗaruruwan iyalai suka bar unguwar Love Canal. Los Anjeles ma ta kusa faɗawa irin wannan rami. Makarantar Belmont da aka fara a 1997 a kan tsohon filin haƙar mai take, ƙasa tana fitar da iska mai kama wuta da mai guba. Aka dakatar da aiki a 2000, a 2002 kuma aka gano tsagin girgizar ƙasa a ƙarƙashinta, aka rushe wani sashe. Sai a 2008 ta buɗe da sabon suna, bayan ta laƙume kusan dala miliyan 400. Alherin da ya fito daga wannan badaƙala biyu ne: jihar Kalifoniya ta wajabta wa hukumar kula da abubuwa masu guba ta duba duk filin makaranta kafin a gina da kuɗin jiha, sannan wani sashe na filin ya zama wurin shaƙatawa na Vista Hermosa, a unguwar da da ma ba ta da inda yara za su yi gudu.

Wannan na ƙarshe ya nuna abin da ake iya samu idan aka leƙa bayan katanga. A unguwa mai cunkoso, filin makaranta sau da yawa shi ne kaɗai sarari, kuma ko a buɗe shi da yamma ko a garƙame shi da kwaɗo magana ce ta yarjejeniya tsakanin gunduma da birni a kan wa zai biya mai gadi, wa zai ɗauki alhaki idan yaro ya ji rauni. Baltimore, da ta fara shirin sake gina makarantunta na kusan dala biliyan ɗaya a 2013, ta sa sashen tsara gari ya yi aiki a kan tituna da hanyoyin ƙafa da kangayen da ke kewaye da kowace makaranta. Ƙaramin abu ne, amma aƙalla hukumomin biyu sun zauna a kan taswira ɗaya.

Sai kuma abin da babu mai zana gini da ke son ji. Ana gina makaranta don ta yi shekara 50 ko fiye, yawan yara kuwa yana iya juyawa cikin shekara goma. Cikago ta rufe makarantu kusan 50 a 2013, mafi yawansu a unguwannin baƙar fata na kudu da yammacin birnin, kuma da yawa daga gine-ginen sun yi shekaru a kulle, ba mai saye, ciyawa ta ci filin wasa. Gini ne mai wuyar sauyawa: faffaɗan baranda, manyan matakala, tsofaffin wayoyi. Filadelfiya ta rufe 23 a shekarar, ɗaya daga ciki, sakandaren sana'a ta Bok, ta koma wurin masu zane da ƙananan sana'o'i har da mashaya a saman rufi, abin da ya ɓata wa wasu tsofaffin ɗalibanta rai.

A Los Anjeles, ana tsakiyar gini ɗalibai suka fara raguwa. Haihuwa ta ja baya, shigowar baƙi ta ragu, makarantu masu cin gashin kansu da ke karɓar kuɗin gwamnati suka ɗebi nasu kaso, tsadar gida kuma ta tura iyalai da yawa zuwa nesa da birni. Yau gundumar ba ta kai ɗalibi 450,000 ba, bashin ginin kuwa ana nan ana biya. Sai ga gundumar da ta rushe gidaje don samun ajujuwa ta koma tana da fili fiye da buƙata a birnin da ke kukan rashin gida. Ta ba da wasu filayenta aka gina rukunin gidaje masu sauƙin haya guda uku, a Gardena da Hollywood da kusa da Jami'ar Kudancin Kalifoniya, da niyyar riƙe malamai kada su gudu. Da aka zo rabon ɗakuna sai aka tarar tallafin tarayya da aka yi ginin da shi ya ƙayyade iyakar albashin mai shiga, kuma ko sabon malami albashinsa ya wuce iyakar. Masu dafa abincin makaranta da direbobin bas da mataimakan aji ne suka tare. A 2022 majalisar Kalifoniya ta yi dokar da ta sauƙaƙa wa gundumomi gina gidajen ma'aikata a filayensu, ta fara aiki a farkon 2024.